Ba a sussukar riɗi da taɓarya: muryar Mama ga 'yar'uwarmu

Salama 'yan'uwa. Wannan ita ce muryar da Mama, uwar zumuntar matanmu ta nan Garwa, ta turo daren jiya, amsa ga 'yar'uwarmu da ta yi tambaya ranar Laraba. Na rubuta ta saboda waɗanda rezo bai bar su sun sauke ba. Yadda ta faɗa haka na sa, ban gyara komai ba.

Murya ta farko

To, salamar Ubangiji ta kasance da ku duka. Ina fata kuna ji na sosai. Na bari ne sai da jikoki suka kwanta, don maganar nan ba ta tsakiyar hayaniya ba ce.

'Yata, na saurari muryarki har sau uku. Kin ce cikin wata biyar ciki ya zube miki karo na biyu, aka kuma sace mashin ɗin da maigidanki yake haya da shi. Kin ce abin da ya fi ci miki rai shi ne duk wannan ya zo ne bayan kin daina zuwa wurin boka kin dawo sujada da zuciya ɗaya. An ce miki Allah yana tsarkake ki ne, ke kuma kika ce in tsarkakewar ke nan ta ishe ki. Kika ce in kin buɗe Littafi baƙaƙe kawai kike gani, yaya za ki dogara da maganar da ba kya jin ta.

Sannu, 'yata. Sannu ƙwarai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Ya'ya biyu kika rasa, ko da ba wanda ya ga fuskarsu, kuma kina da hakkin ki yi kukansu. Kada kowa ya hanzarta ki.

Ku kuma 'yan'uwana da kuka amsa mata da cewa ta binciki kanta, wai akwai zunubin da ta ɓoye, na san da kyakkyawar niyya kuka faɗa, amma ban ji daɗi ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, lokacin nan suna kan daidai. Da suka buɗe baki suka fara lissafa masa laifi, ku duba Ayuba 42:7, Allah da kansa ya ce ya yi fushi da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. A Yohanna 9 almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. To mu wa ya ba mu ma'aunin da za mu auna 'yar mutane da shi? Wanda kuma ya turo miki lamba a gefe wai ki aika kuɗi a aiko miki da mai na musamman, ki share shi. Mai kuka ba kasuwa ba ce.

Sannan ki koma asibiti. Ɓari sau biyu a jere abu ne da ake dubawa, a duba jininki, a duba ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko wani abu a mahaifa. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Maganar mashin kuma maigidanki ya kai ƙara inda ake kaiwa. Ɓarawo ɓarawo ne, Allah bai aike shi ba. Dogara ga Allah ba ya nufin mutum ya zauna a cikin abin da zai iya fita. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, Matiyu 10:23, mu kuwa da ƙafafunmu muka cika wannan ayar.

Murya ta biyu

Yawwa, na dawo, ta yanke ne.

Da yawa a cikinku kun san ni da kaskon ƙosai a bakin titi kawai. Ba ku san ni a gida ba, can gindin dutse a Mayo-Tsanaga, dab da iyakar Kamaru da Najeriya. Muna da rumbu uku, awaki, gonar gero da wake, maigida yana noman auduga. Ni ce mai bayarwa. Wadda ta haihu ni ce zan fara kai gari, gwauruwa in ta rasa abin sawa a tukunya ƙofata take zuwa. Ina tsammanin ina yin haka ne don ƙaunar Yesu, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba.

Tun Nuwamba 2013 da aka sace fadan Katolika Bafaranshen nan a Ngecewe muka san rikicin Boko Haram ya ƙetaro. Yuli 2014 aka shiga Kolofata. Bayan nan ba mu ƙara barci a ɗaki ba, dare ya yi sai mu hau dutse da yara. Ranar da aka shigo mana, da zane ɗaya na fita. Rumbunan nan uku muna kallo daga sama suna ci da wuta. Littafi Mai Tsarkina na Hausa da babana ya bar min, wanda duk gefensa ya yi baƙi da hannunsa, yana cikin ɗakin. 'Yan'uwanmu na Gwoza da suka ƙetaro aka kai su Minawawo, sansanin da aka buɗe a 2013. Mu da muke 'yan ƙasa muka raɓe a Mokolo wurin dangi, mutum 11 a ɗaki ɗaya. Shekara ba ta zagayo ba maigida ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Abin da nake so ki ji shi ne abin da ya fito daga cikina a lokacin. Ranar farko da na tsaya a layin karɓar abinci da kwano a hannu, na hango wata mata da na saba ba ta hatsi tana gabana a layin. Ta juyo ta gaishe ni da ladabi. 'Yata, na ji kamar in mutu. Yunwa ba ta yi min zafi kamar gaisuwar nan ba. A nan na gane shekara da shekaru ina ciyar da girman kaina ne tare da gwauraye. Sai ƙiyayya kuma. Akwai mutumin da ya sayi sauran awakinmu a wulaƙance da ya ga ba mu da zaɓi. Na fi shekara biyu in na kai wurin "ka gafarta mana kamar yadda muke gafartawa" a Addu'ar Ubangiji sai in rufe bakina, in bar jama'a su wuce, sannan in kama su a gaba. Ni uwar zumunta. Ba wanda ya sani sai Allah.

Kun san masu zubin tukwane a kasuwa, waɗanda suke tara gwangwanaye da tsofaffin ƙarafan alminiyon su narka. Ɗana na biyu ya yi aiki wurinsu da muka zo Garwa, nakan kai masa abinci in tsaya ina kallo. Gwangwanin nan a ido fes yake. Amma da ya narke sai ki ga wani datti toka-toka ya taso ya rufe saman, maƙerin ya sa ludayin ƙarfe yana kwashewa yana zubarwa. Wutar ba ta kawo dattin ba, dama yana ciki, ita dai ta taso da shi inda hannu zai kai. Yaron ya ce min alminiyon yana narkewa a zafin digiri 660, azurfa sai 962, zinariya kuwa sai ta kai 1064. Ki tuna mu a nan watan Afrilu in zafi ya wuce 40 muna neman inuwar darbejiya. Na riƙe wannan, cewa a cikin ukun nan ƙarfen da ya fi daraja shi ya fi jure wuta kafin ya saki abin da ke cikinsa.

Malakai 3:3 ya ce Ubangiji zai zauna kamar mai tace azurfa. Kalmar zaman nan ce ta riƙe ni. Ban taɓa ganin maƙerin da ya ɗora narki a wuta ya tafi cin kasuwa ba. Yana nan a tsugune, zufa tana zuba, idonsa a kan tukunya, hayaƙin da ke cin ƙarfen yana shiga idonsa shi ma.

Amma ki ji ni da kyau. Wahala ita kaɗai ba ta gyara kowa. Mun fito daga dutse ɗaya da mutane, wuta ɗaya ta ci rumbunanmu. Wasu yau in kin zauna da su sai ki ji sanyi a ranki. Wasu sun zama ɗaci tsantsa, wasu giya ta cinye su. Ban faɗi haka don in zarge su ba, ni ma saura ƙiris. Fir'auna ya sha annoba 10, zuciyarsa ƙara tauri ta yi. Abin da yake tsarkakewa shi ne maganar da mutum ya riƙe yana cikin wutar. A Yohanna 15 Yesu ya ce reshen da yake ba da 'ya'ya shi Uba yake datsewa don ya ƙara bayarwa, nan take kuma ya ce ku kun riga kun tsarkaka saboda maganar da na faɗa muku. Baba Fasto ya taɓa nuna mana cewa a Helenanci datsewar nan da tsarkakewar nan tushensu ɗaya. Kuma ki lura wane reshe ake datsewa. Mai 'ya'ya. Kin ce abin ya same ki ne bayan kin dawo ga Ubangiji. Ni wannan bai nuna min an yashe ki ba.

Murya ta uku

Yanzu ga wurin da nake so ki buɗe, ko ki sa maigidanki ya karanta miki. Ishaya 28, daga aya 24 zuwa 29. Ba a cika wa'azi a kansa ba, amma duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya za ta gane shi tun kafin a fassara mata.

Annabi yana maganar manomi. Ya ce manomi ba ya ta huɗa kullum ba shuka. Sannan ya zo kan sussuka, ya ce ƙananan tsaba na ƙamshi, irin su habbatussauda, ba a bi ta kansu da abin sussuka mai nauyi, ba a murza su da ƙafar keken shanu, da 'yar sanda ake kakkaɓe su. Hatsin abinci kuwa ana murza shi, amma ba a yi ta sussukarsa har abada. Ya ce wannan sanin daga wurin Ubangiji manomi ya samo shi.

Ku duba namu. Gero sai an zuba zangarniya a turmi mata sun haɗu da taɓare. Dawa da masakwa a shimfiɗa a masussuka a bi su da sanduna. Amma riɗi fa? Riɗi sai a yanka, a ɗaure dami-dami a jingina ya bushe, sannan a shimfiɗa tabarma a kifa damin a ɗan bubbuga, tsabar ta zubo da kanta. Wadda ta zuba riɗi a turmi ta hau shi da taɓarya kamar gero ta yi asara, ya dame ya zama mai. Ko geron ma, wadda ta iya surfe ta san bugun da dusa take fita da bugun da ƙwaya take fara karyewa, a kunne take ji, sai ta ajiye taɓarya ta ɗauki faifai. To in ni da ban yi karatun lakwal mai zurfi ba na san wannan, wanda ya koya min fa? Ya san ko ke gero ce ko riɗi. Ya san adadin bugu. Ba ya ƙara ɗaya don mugunta. Makoki 3:33 ya ce ba da son zuciyarsa yake wahalar da 'yan adam ba, kuma wanda ya rubuta wannan yana zaune ne a kan tokar Urushalima, ba a inuwa ba.

Na san za ki ce, Mama, ni ina ji kamar an riga an wuce adadin. Haka na ji. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san ranar da za a ajiye taɓarya ba, kuma ba zan yi miki alkawarin goyo baɗi ba, don ba a ba ni wannan maganar ba. Ina roƙa miki shi kullum, amma alkawarin da Allah bai yi ba in na sa a bakinsa, gobe in bai cika ba shi za ki zarga. Dogara ga maganar Allah shi ne dogara ga abin da ya faɗa, ba abin da muka so ya faɗa ba. Ya ce ba zai bar ki ba, ba zai yashe ki ba. A Ishaya 43:2 ya ce in kin bi ta ruwa yana tare da ke, in kin bi ta wuta ba za ta cinye ki ba. Bai ce ba ruwa ba wuta ba.

Ki dubi Yusufu. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13. A ciki har da shekara 2 cur da mai shayar da sarki ya manta da shi a kurkuku. Zabura 105 ta ce an ɗaure ƙafarsa da mari, wuyansa da ƙarfe, kuma kafin abin ya cika maganar Ubangiji ce ta gwada shi. Na daɗe ina juya wannan. Ashe alkawarin da kansa yana ƙuna. Wanda ba a yi wa alkawari ba, kurkuku kurkuku ne kawai a wurinsa. Amma wanda aka nuna wa damuna suna rusuna masa, ga shi yana kwana da mari, kowace safiya sai zuciya ta tambaye shi, ina maganar? Abin da yake cin ki ke nan, 'yata. Da ba ki gaskata ba da bai yi miki zafi haka ba.

Bitrus ma, a Luka 22, Yesu ya ce masa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe ku kamar alkama, amma na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare. Bai roƙa a hana sheƙewar ba. A daren nan Bitrus ya yi musunsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Ƙarfin bakinsa ne iska ta kwashe, ƙwayar ta faɗo a faifai. Shi ne daga baya ya rubuta wa masu bi da suke warwatse cewa bangaskiyarsu da aka gwada ta fi zinariya daraja. Mutumin da aka sheƙe ne ya rubuta, shi ya sa nake yarda da shi.

Murya ta huɗu

Ta ƙarshe ke nan, dare ya yi.

Kin ce ba kya jin komai in kin karanta. Ni ko Littafin ban da shi a Mokolo. Abin da ya rage min shi ne abin da na haddace tun ina yarinya, shi ma yawanci ya gudu daga kaina. Guda ɗaya ta tsaya, Ayuba 23. Ayuba ya ce na nufi gaba ba ya nan, na koma baya ban gan shi ba, hagu da dama ban same shi ba, amma shi ya san hanyar da nake bi, in ya gama gwada ni zan fito kamar zinariya. Ni rabin farkon kawai nake iya faɗa da gaskiya. "Ya san hanyar da nake bi." Ina ɗiban ruwa ina faɗa, ina wanke wake ina faɗa, da baki, a fili, ba a zuci ba. Ban ji komai ba wata da watanni. Mai zazzaɓi ba ya jin ɗanɗanon kunu, amma kunun yana aikinsa a jiki. Haka na riƙa sha.

Don haka kada ki ɗora wa kanki surori goma a rana. Ɗauki aya ɗaya ki zauna a kanta. In addu'a ta ƙi fita, buɗe Zabura 88 ki karanta masa ita kamar taki. Zaburar nan daga farko har ƙarshe kuka ce, da duhu ta ƙare, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Gaya masa kin gaji. Gaya masa kina fushi. Uban yaron nan a Markus 9 cewa ya yi na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, Yesu kuwa bai kore shi ba. Abin da nake jin tsoro shi ne ki daina yi masa magana gaba ɗaya, ki koma inda kika fito don neman amsa mai sauri.

Ranar Lahadi ki zo sujada ko ba za ki iya waƙa ba. Zauna a baya kusa da ni, mu yi waƙar a madadinki. Ni ma haka aka yi min. Kuma in an kawo miki abu ki karɓa. Jarin ƙosan nan da kuke gani, maƙwabciyata ce Musulma, Hajiya, ta auna min wake tiya biyu da man gyaɗa lita ɗaya ta ce in biya in na samu. A da da na ƙi, don ni ce mai bayarwa. Ranar na sa hannu biyu na karɓa na yi godiya, na shiga ɗaki na yi kuka, na san an kwashe wani abu daga samana.

Mutumin awakin nan kuwa, na haɗu da shi a tashar mota a Marwa bayan shekaru. Ya tsufa, shi ma an kore su daga baya. Na gaishe shi, na tambayi iyalinsa, na saya masa ruwa. Sai da mota ta tashi na lura ƙirjina bai yi nauyi ba. Ban san ranar da abin ya fita ba. Ibraniyawa 12:11 ya ce horo ba ya daɗi a lokacinsa, sai daga baya yake ba da amfani, ni kuwa daga bayan nan a cikin motar Garwa na same shi. Maigidana bai dawo ba, rumbuna ba su dawo ba, har gobe in na ji ƙarar fashewar taya gabana yana faɗuwa. Akwai tambayoyin da na ajiye sai na gan shi ido da ido. Amma Addu'ar Ubangiji yanzu ina faɗinta duka.

'Yan zumunta, ranar Alhamis kowa ta zo da abin da ta iya, ko sefa 200 ne, mu haɗa mata kuɗin asibiti. Maza kuma ku nemi maigidanta ku zauna da shi, shi ma 'ya'yansa ne, kuma ba wanda ya ce masa sannu a nan.

Ke kuma 'yata, gobe in na sauke kasko wajen ƙarfe goma zan biyo gidanki. Kada ki dafa komai, zan zo da kunu. Ki ajiye mana Littafin a buɗe a Ishaya 28. Sai da safe.